Yadda na shiga ƙungiyar 'yan'uwantaka ta ɗalibai a Amurka, da yadda na fita

A watan Agustan 2022 na sauka a wata babbar jami'ar gwamnati da ke tsakiyar Amurka, irin waɗanda garin ma kusan jami'ar ce ta haife shi. Kwana na biyu ina neman hanyar masallaci da taswirar waya a hannu, sai na faɗa wani layi mai manya-manyan gidaje, kowanne da fararen ginshiƙai, kuma a goshin kowane gida an kafa haruffa biyu ko uku waɗanda ba na boko ba, ba na ajami ba. Na ɗauka coci-coci ne. Da na koma ɗaki na tambayi abokin zamana, wani Bature ɗan jihar, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce gidajen furataniti ne da sororiti, na farko na samari, na biyu na 'yan mata, haruffan kuma na Girka ne. Da ya ƙara da cewa sai an rantsar da mutum, kuma akwai sirrin da ba a faɗa wa na waje, gabana ya faɗi. Wanda ya tashi a Zariya ya ji haka, ƙungiyar asiri ce za ta fara zuwa masa a rai. Wata shida bayan nan ina tsaye a falon ɗaya daga cikin gidajen da takardar tayi a hannu, bayan shekara guda kuma ina cike takardar fita. Ƙannenmu da ke tahowa suna yawan tambayata a kan abin, kuma na lura duk inda na yi tuntuɓe nan suke shirin yi.

Abin da ya ja ni ba wani abu ba ne illa kaɗaici. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi muna haɗuwa ranar Juma'a, a yi salla, a ci shinkafa, kowa ya kama gabansa. Sauran kwana shida ni kaɗai nake cin abinci a ɗakin cin abinci mai ɗaukar mutum ɗaruruwa. Wanda ya saba da majalisa a ƙofar gida bayan la'asar ya san ciwon da nake faɗa. Ga shi kuma na ji ana cewa tsofaffin 'yan ƙungiyoyin nan su ke jan ƙannensu zuwa wuraren aiki.

Ofishin farko da na je shi ne wanda jami'a ta ware don kula da su, a hawa na biyu na cibiyar ɗalibai. Wannan kaɗai ya rage mini tsoro: ƙungiyar da ke da rajista da hukumar makaranta, da ma'aikata masu albashi da ke sa mata ido, ba a ɓoye take ba. Na je ba tare da na nemi lokaci ba, don haka na zauna kusan minti arba'in kafin wata mata ta kira ni. Ta ɗauki takarda ta zana mini gida huɗu. Akwai na samari da ke ƙarƙashin majalisar da suke kira IFC, yawancinsu Turawa, su ne masu manyan gidajen da na gani. Akwai na 'yan mata da ake kira Panhellenic, ƙungiyoyi 26 a ƙasar baki ɗaya. Akwai guda tara na baƙar fata, waɗanda tushensu ya koma zamanin da ba a karɓar baƙar fata a na Turawa, irin su Alpha Phi Alpha da aka kafa a jami'ar Cornell a 1906, wadda Martin Luther King ɗanta ne, da Alpha Kappa Alpha ta mata da aka kafa a jami'ar Howard a 1908, ta su Kamala Harris. Na huɗu na 'yan asalin Latin Amurka ne da Asiya da sauransu. Kowane gida da hanyar shigarsa, kuma wannan ne kuskurena na farko: na bi abokin ɗakina zuwa gida na ɗaya ba tare da na leƙa sauran ukun ba.

Ta ce a jami'armu sabon ɗalibi ba ya shiga a zangon farko. Sai ya gama zango guda, ya ci kiredit 12, wato ma'aunin yawan darussan da ɗalibi ya ɗauka, makinsa ya kai 2.5 cikin 4. Wasu jami'o'in tun makon farko suke ɗiba, har ma 'yan mata kan iso kafin a buɗe makaranta. Daga nan na wuce ofishin ɗaliban ƙasashen waje, don ni kowane motsi sai na tuna bizata. Jami'in da ke sa hannu a takardata ta I-20, wadda ke shaida ni ɗalibin makarantar ne, ya ce shiga ƙungiya bai shafi bizar ɗalibai ta F-1 ba, amma ya lissafa mini abin da zai iya shafarta. Kada kiredit ɗina ya sauka ƙasa da 12 a zango. Shekarun shan giya 21 ne, ni ina da 19, kuma ko ban sha ba, ba wa wanda bai kai ba laifi ne. Wiwi ko jiha ta halatta, a dokar tarayya haramun ce, kuma dokar tarayya ce ke riƙe da bizata. Kama mutum yana tuƙi a buge kaɗai kan iya sa a soke masa biza. Ya ce, "Abokanka in sun yi kuskure iyayensu za su ɗauki lauya. Kai jirgi za ka hau." Na yi dariya a lokacin.

A watan Janairun 2023 aka buɗe rajista ta intanet. Dala 40 na biya, ba a mayarwa ko ba a ɗauke ka ba. Na cike fom, na ɗora hoto, na sa hannu a wata takarda da ke ba ofishin izinin nuna wa ƙungiyoyi makina, domin a dokar Amurka sakamakon ɗalibi sirrinsa ne, ko mahaifinsa ba a nuna wa sai da yardarsa. Sai wani darasi na dole na kusan awa ɗaya a kwamfuta a kan abin da suke kira hezin, wato gwale-gwalen da tsofaffin 'yan ƙungiya ke ba sababbi. A taron share fage da aka yi mana a babban ɗakin taro aka ba mu labarin ɗalibin nan ɗan shekara 19 na jami'ar Penn State, wanda a Fabrairun 2017 aka ɗura masa giya daren karɓarsa, ya faɗo daga bene, aka bar shi kusan awa 12 kafin a kira motar asibiti, ya rasu. Aka ce bayan haka ne, a 2018, haɗaɗɗiyar ƙungiyar furataniti ta ƙasa ta hana ajiye giya mai ƙarfin da ya wuce kashi 15 cikin ɗari a gidajensu. Aka kuma faɗa mana wata ƙa'ida da na rubuta a bayan hannuna da biro: duk wanda ya kira agaji don wani ya sha ya fita hayyacinsa, makaranta ba za ta hukunta shi a kan shan ba, shi da wanda aka kira domin sa.

Makon zaɓen, wanda suke kira rash, ya faɗo cikin tsananin sanyi. Kwana biyu na farko aka raba mu rukuni-rukuni, kowa da takardar suna manne a ƙirji, muna taka dusar ƙanƙara daga wannan gida zuwa wancan, minti ashirin a kowanne. Ana buɗe ƙofa sai ka ga samari sun yi layi suna miƙo hannu. Tambaya uku ce a ko'ina: daga ina kake, me kake karanta, me kake yi in ba ka karatu. Na faɗi "Najeriya" ya fi sau ɗari. Wani ya tambaye ni ko na san wani abokinsa ɗan Kenya. A wani gida aka miƙo mini fiza mai yankakken naman alade a kai, na ce ba na ci, yaron ya tsinke naman da yatsa ya sake miƙo mini da zuciya ɗaya. A ranar ban san cewa bayan mun fita sukan zauna su haska hotunanmu a bango ɗaya bayan ɗaya suna tattaunawa ba. Da na sani da na rage yawan murmushin dole, na yi tambayoyin da suka dace.

Daga kwana na uku sai wanda aka gayyata. Saƙo kan shigo waya da daddare, in bai shigo ba ka san an wuce ka, ba wanda zai yi maka bayani. Gida uku suka neme ni, washegari suka koma biyu, daga ƙarshe ɗaya. Wanda ya rage ɗin matsakaici ne, mutum kusan sittin, da yawansu 'yan injiniyanci irina. A daren ƙarshe aka ce mu zo da kwat. Mutum uku suka zaunar da ni a ɗakin karatu, nan na fito musu a mutum: ba na shan giya, ba na cin alade, ina salla sau biyar, kuma ranar Juma'a da rana ba ni samuwa. Shugabansu ya ce ba matsala, har ma suna neman irina, don a dokarsu kowane biki sai an samu waɗanda ba su sha ba su tsaya ƙofa su kuma mai da mutane gida. Na ji daɗin maganar. Sai daga baya na gane an yi mini tayin aikin direba ne kyauta. Kwana biyu bayan nan suka ƙwanƙwasa ƙofar ɗakina su biyar, suka miƙo mini kati a ambulan, wanda suke kira bid. Aka ba ni kwana uku in karɓa ko in ƙi, kuma sai na je ofishin nan na hawa na biyu na sa hannu kafin ya tabbata.

A cikin kwana ukun na kira gida. Na yi ta kewaye-kewaye kafin na faɗa, Abba kuwa yana jin kalmar rantsuwa ya katse ni. "Kai, karatu na tura ka ko shiga ƙungiyar asiri?" Na ce, "Abba, ku yi haƙuri ku saurare ni, wannan makaranta ce da kanta take musu rajista." Ya ce ai ƙungiyar ɗalibai ta jami'ar Ibadan ma da aka kafa a 1952, su Wole Soyinka da abokansa shida, ba da adda aka fara ta ba, ɗalibai ne masu neman gyara, amma dubi abin da waɗanda suka kwaikwaye su suka zama, har aka kashe ɗalibai biyar a Ife a 1999. Ban da amsar wannan. Abin da na iya kawowa shi ne Azikiwe da Nkrumah duk sun yi karatu a jami'ar Lincoln ta Amurka, kuma duk 'yan Phi Beta Sigma ne, ɗaya daga cikin tara ɗin nan na baƙar fata. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To, su Zik ba ni na biya musu kuɗin makaranta ba." Ya gindaya sharaɗi biyu: kada in rantse da wanin Allah, kuma ko sisi ba zai ƙara mini a kan wannan ba. Umma ta karɓi wayar ta ce in dai riƙe azkar.

Na sa hannu, kuma sai bayan na sa hannu ma'ajin ƙungiya ya zaunar da mu da takardar lissafi. Wannan ya kamata a ce na nema tun ranar farko. Kuɗin sabon shiga dala 350. Kuɗin rantsarwa da bajen ƙirji dala 300. Kuɗin zango dala 650, wanda kaso mai yawa daga ciki hedikwatar ƙungiya yake tafiya, musamman don inshora. Ban da riguna, don kowane taro sai an buga masa riga, da tikitin liyafar ƙarshen zango, da tarar dala 25 in ka ƙi zuwa taron mako ba uzuri. Ba a cikin lissafin makaranta kuɗin yake ba, wani kamfani ne daban ke karɓa ta intanet, saboda haka ba ya shiga Fom A, takardar neman dala ta banki, da Abba ke biyan kuɗin makarantata da shi a farashin gwamnati. A lokacin dala tana wajen naira 750 a kasuwar bayan fage, ga ƙarancin takardun kuɗi da canjin naira ya jawo a gida. Na roƙi a raba mini biyan gida huɗu, aka yarda, na sa hannu a wata takardar. Na nemi aiki a ɗakin cin abinci ina wanke tire, awa 20 a mako, iyakar abin da biza ta yarda ke nan lokacin karatu. A cikin takardun da na sa wa hannu a ranar har da alƙawarin zan zauna a gidan ƙungiya shekara ta biyu. Ban karanta shi da kyau ba.

Mako takwas muka yi a matsayin sababbi, mu goma sha huɗu. Kowace Lahadi da yamma akwai darasi: tarihin ƙungiya, sunayen waɗanda suka kafa ta, waƙoƙinta, da haruffan Girka 24. Akwai awa shida na karatun dole a laburare kowane mako, ana sa hannu a shiga da fita, kuma gaskiya wannan ya taimaki makina. Akwai aikin gayya, mu kan je wurin rabon abinci ga mabuƙata ranar Asabar. Akwai kuma abin da ba a rubuta a ko'ina ba: mu ke share gida bayan biki, mu ke ɗauko wannan mu kai wancan. Wani dare aka ba kowa ashana, a kunna, ka karanto haruffan daga alfa zuwa omega kafin wuta ta kai yatsanka. Ni da na yi haddar Ishiriniya a gaban malamin da ke riƙe da dorina, wannan wasan yara ne, na gama ashanata ko rabi ba ta ci ba. Amma a ƙa'idar makaranta wannan ma gwale-gwale ne, kuma daga irin waɗannan ƙanana ake gwada wanda zai yi shiru.

A mako na huɗu aka ba kowa wa, wato tsohon ɗan ƙungiya da zai zama madubinsa, shi kuma ya zama ƙaninsa. Nawa ɗan aji uku ne, ɗan manoma, mai ƙarancin magana. Daren da ake bayyana wa da ƙani shi ne daren da aka fi sha a duk zangon, al'adar kuwa wa ya ba ƙaninsa kwalba. Nawa ya miƙo mini kwalbar lemon citta ya ce mu je. Wajen ƙarfe ɗaya da rabi na dare na dawo daga kai wasu gida, na sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa na tarar da ɗaya daga cikinmu kwance a kan kujera. An goya masa jakar baya cike da littattafai, wai don kada ya juya rigingine ya shaƙe da amai. Na kira sunansa, shiru. Na mintsine shi, ko motsi. Numfashinsa yana fita da wani irin gurnani, sai ya ɗauke, sai ya dawo, leɓɓansa sun canza launi. Wani ɗan ajin ƙarshe ya ce in bar shi ya yi barci, kullum haka ake yi, in na kira waya rufe gidan za a yi. Ƙafafuna suna rawa, maganar jirgi tana dawo mini. Na hau sama na fita waje cikin sanyi na kira 911, lambar neman agajin gaggawa. Wana ya biyo ni, na zaci hana ni zai yi, sai ya karɓi wayar ya faɗa musu lambar gidan, don ni na manta ta.

Yaron ya kwana biyu a asibiti ya fito. Bayan kwana biyar imel ya shigo daga ofishin ladabtar da ɗalibai, aka ba ni rana da lokaci. Ban yi barcin kirki ba har ranar. Na fara komawa wurin jami'in biza, ya ce shaida aka kira ni ba wanda ake tuhuma ba, kuma ina da damar zuwa da mutum ɗaya ya zauna kusa da ni. Na je ni kaɗai. Mutum biyu ne a ɗakin, ɗaya na tambaya ɗaya na rubutu, minti hamsin. Wa ya sayo giyar, wa ya ce a sha, an tilasta wa wani, ƙarfe nawa na gan shi. Na faɗi abin da idona ya gani, abin da ban gani ba na ce ban gani ba. Mako uku aka yi ana jira, sannan hukunci ya fito: ba biki har ƙarshen zango mai zuwa, an kori mutum biyu, kowa ya sake darasin nan na kwamfuta. Ni ba abin da aka rubuta a fayil ɗina. A gidan kuwa wasu sun daina amsa gaisuwata, wasu sun zo a ɓoye sun ce na kyauta. Mahaifiyar yaron ta aiko mini da kati da bargo.

Azumi ya kama a ranar 23 ga Maris, muna cikin wannan hali. Mai dafa abincin gidan, wata dattijuwa, da ta ji labari sai ta riƙa ajiye mini kwano a firji da sunana a jiki, ta kuma daina zuba naman alade a wake. Wana ya gwada azumin yini ɗaya, wajen la'asar na same shi kwance a ƙasa yana kallon silin. Da rantsarwa ta matso na je wurin limamin masallacinmu na ce, "Malam, ga halin da nake ciki." Ya ce in tambaye su abu biyu: da wa ake rantsuwar, kuma akwai rusunawa ko sujada ga wani abu? Shugaban ya ce ba zai iya nuna mini littafin ba, amma ya kira hedikwata suka yarda ya karanta mini kalmomin alƙawarin, kuma in ɗora hannu a ƙirji maimakon a kan Baibul. Na yi alƙawarin ba zan faɗi abin da aka yi a ɗakin ba, kuma ba zan faɗa ba. Iyakar abin da zan ce, kyandir ne da dogayen riguna da karatu mai tsawo, wanda ya sa ran ganin tsafi zai koma gida da hamma. Abin da ya fi muhimmanci a sani shi ne, da zarar an rantsar da kai, ƙofar sauran ƙungiyoyi irinta ta rufe, ko ka fita daga baya. Kafin rantsarwa kana iya ajiyewa ka tafi.

A Agustan 2023 na tare a gidan, dala 4,800 a zango har da abinci, ya ma fi ɗakin makaranta araha. Zaman ya yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Na samu majalisar da nake nema, kuma ta hannun wani tsohon ɗan ƙungiya na samu ganawar neman aikin hutu ta farko. Amma tun watan Yuni gwamnati ta saki naira, farashin gwamnati da Abba ke dogaro da shi ya tafi, zuwa Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500. Kuɗin makarantar ma da ƙyar ake haɗawa, sai da aka sayar da fili. Wankin tire ba zai riƙe kuɗin ƙungiya ba. Na nemi a ɗauke mini kuɗin zango saboda matsi, kwamitin gida ya yarda da rabi, hedikwata ta ce nata kason ba ya taɓuwa. Sai na nemi fita. Na rubuta wasiƙa ga shugaba, na zauna da kwamitin ladabtarwa na gida, na cike fom na hedikwata, na mayar da baje da takardar shaida. Mako shida kafin amsa ta zo, kuma a cikin makonnin lissafi bai tsaya ba. Yarjejeniyar haya kuwa daban take da zama ɗan ƙungiya, da kamfanin tsofaffin ɗalibai masu gidan na ƙulla ta, don haka ko na fita sai na biya har Mayu ko in kawo wanda zai maye gadona. Ma'aji ya gaya mini a fili cewa bashin da ya daɗe kamfanin karɓar bashi ake miƙa wa. Na biya ragowar dala 900 a cikin wata biyar.

Zaɓen shiga na mata ya fi namu tsari da tsanani. Wata 'yar ajinmu da iyayenta 'yan Najeriya ne ta bi shi: zagaye huɗu cikin kusan mako guda, kowane zagaye gidajen da ke gayyatarki suna raguwa, ke kina jera zaɓinki su ma suna jera nasu, kwamfuta ta haɗa. Masu yi musu jagora 'yan ƙungiya ne da ke ɓoye gidan da suka fito har sai an gama. A daren ƙarshe akwai takardar da ake sa wa hannu, wadda in gidan da kika rubuta ya ɗauke ki kika ƙi, sai ki jira babban zaɓe na gaba. Ita ta rubuta gida na biyu don kunya, shi kuwa ya fito mata. Tara ɗin nan na baƙar fata ba sa irin wannan baje koli. A jami'armu sai ka kai aji biyu, ka riƙa halartar tarukansu, su san ka da aikin al'umma, kuma ba a yawo ana shelar wadda ake so. Akwai ma na Musulmi, Alpha Lambda Mu, da aka kafa a jami'ar Texas da ke Dallas a 2013, sai dai ba ta da reshe a wurinmu.

Wanda zai shiga, ya nemi takardar kuɗi ta shekara biyu a rubuce kafin ya karɓi kati, ya tambaya ko zama a gida dole ne, ya karanta yadda ake fita tun kafin ya shiga, ya kuma yi lissafinsa da dalar da ta fi ta yau tsada. Ya duba tarihin gidan: tun Disambar 2024 akwai dokar tarayya da ta wajabta wa jami'o'i bayyana ƙungiyoyin da aka samu da laifin gwale-gwale, kuma da yawa suna wallafa matsakaicin makin kowane gida. Ya faɗi addininsa da iyakokinsa a daren ganawa, ba bayan an rantsar da shi ba. Ya tambaya sau nawa a wata ake sa wanda ba ya sha tsaron ƙofa, don ni sai da na yi rigima aka mai da shi karɓa-karɓa. Ya kuma leƙa ƙungiyoyin sana'a masu haruffan Girka, na injiniyoyi da na 'yan kasuwanci, waɗanda kuɗinsu bai kai rabin wannan ba.

Wana ya gama a Mayun 2024, ya koma gonarsu. Da ƙaramar Salla ta bana ya turo mini hoton wani rago da suka haifa, yana tambaya ko wannan ce Sallar da ake yanka ko ɗayar. Na ce ɗayar ce, saura wata biyu da kwana goma. Ya ce to zai ajiye mini shi, amma kuɗin mota ni zan biya.